A koya wa yaranmu zanen hunturun Sakkwato

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina jan hankalin malaman zane na makarantun Sakkwato. Da an ce yaro ya zana lokacin sanyi, sai ya kwafo dusar ƙanƙara daga waya, abin da bai taɓa gani ba. Su Turawan abin da ke ƙofar gidansu suka zana. Misali, hoton hunturu da wani Bature mai zane, Pieter Bruegel, ya yi a 1565 mafarauta ne da karnukansu suna komawa ƙauye a gajiye, ba su kamo abin kirki ba.

Namu hunturun hazo ne, ƙurar da iska ke kwasowa daga Sahara tun Nuwamba har Fabrairu. A fita da yara fadamar Kwalkwalawa tsakanin ƙarfe 7 da 9 na safe. Kuskuren farko shi ne shafa wa sama shuɗi. A haɗa farin fenti kashi huɗu, ruwan ƙasa kashi ɗaya, sai ɗigon shuɗi. Rana farin faifai ce a dusashe, inuwa kuma ba ta da ƙarfi, don haka a ajiye baƙin fenti. Abin da ke nesa a dusashe shi har ya kusa ɓacewa. Launi mai kauri na gaba ne, kamar koren albasa da mai ban ruwa da ya naɗe fuska da rawani.

A nan ne ake gane wanda ya duba da wanda ya kwafa: kuka a wannan lokaci tsirara take, gawo kuwa a lokacin ne yake da ganye, shi ya sa makiyaya ke tara dabbobi a gindinsa. Yaron da ya ba kuka ganye bai ɗaga kai ba.

Bushewar iska na ɓata aiki. Fentin ruwa kan bushe kafin a baje shi, ya bar layi-layi, sai a fara jiƙa takardar, a manne gefenta huɗu a katako don kada ta lanƙwashe, a rufe farantin fenti da jiƙaƙƙen ƙyalle. Fentin mai kuma yakan yi kwanaki bai bushe ba, ƙura ta like masa. A jingine hoton yana fuskantar bango a ɗaki rufaffe. Mai asma ya sa takunkumi, ko a bar shi ya zana ta taga.

Naku,
Wani malamin zane, Sakkwato