Masu karatu suna nan, sun koma waya da kunne ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da abokan aikinka, da fatan Allah Ya ƙara wa jaridarku albarka.

Na rubuto ne a kan wata magana da nake yawan ji a tarukan marubuta, nake kuma gani a shafukan jaridu, cewa wai Bahaushe ya daina karatu. Ni malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Jos, kullum ina tare da yara da iyayensu mata, kuma abin da idona yake gani bai yi daidai da wannan kuka ba. Abin da ya ja baya shi ne sayen littafin takarda don nishaɗi. Masu karatun suna nan, wasu sun koma waya, wasu sun koma sauraro. Abin da yake damuna shi ne muna ta zaman makokin takarda, alhali inda jama'ar suka koma babu mai kula da shi.

Mu da muka yi 'yammatanci a shekarun 1990 mun san zamanin hayar littafi. Littattafan da ake bugawa a Kano, waɗanda masana suka sa wa suna Adabin Kasuwar Kano, suna isowa Jos kashi-kashi, in kin gama na ɗaya sai kin yi haƙuri na biyu ya fito. Mai shago ya ba ki haya ki kawo gida, kafin littafin ya koma hannunsa ya zaga ɗakunan gidan kaf, bangonsa ya sha salatif. Sau da yawa ma mutum ɗaya ce take karantawa a bayyane, sauran suna kitso ko gyaran ganyen miya suna saurare, har da waɗanda ba su taɓa zama a aji ba. Ka ga ke nan ko a wancan lokaci yawan kwafin da aka sayar bai taɓa nuna yawan waɗanda labarin ya kai gare su ba.

Fim ɗin Hausa ya zo ya ɗauke wani kaso na wannan kasuwa, waya ta ɗauke wani, tsadar takarda ta ƙarasa ta. Masana'antun takarda da aka kafa a Jebba da Oku Iboku da Iwopin sun daɗe ba sa biya wa masu ɗab'i buƙata, yawancin farar takarda daga waje ake shigo da ita, da dala. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, kuɗin bugu da na dakon kaya suka yi tashin gwauron zabo. Uwar da take lissafin kwanon masara da kuɗin makarantar yara ba za ta ware kuɗin littafin labari ba, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Duk da haka takarda ba ta mutu ba. Wanda ya bi ta wajen babban masallacin Juma'a na Jos zai ga masu littattafan addini suna ciniki, ana sayen Alƙur'ani da Ahalari da Ishmawi da Risala. 'Yan'uwanmu Kirista ma suna sayen Littafi Mai Tsarki na Hausa da littafin waƙoƙi. Littafin makaranta kuwa dole ne. Wato duk abin da mutum zai zauna da shi shekara da shekaru, ya maimaita, ya yi alama a gefe, har yanzu takarda yake nema. Ni ma a nan nake. In zan shirya darasi ko in yi nazarin waƙa, sai na riƙe littafi da fensir a hannu, domin idona yana tuna inda baiti yake a shafi, kuma babu saƙon da zai shigo ya katse mini tunani. Almajirin zaure da yake rubuta ma'ana da ƙananan baƙaƙe a tsakanin layuka ya san abin da nake nufi.

Labarin ƙirƙira dai ya koma waya, kuma ina ganin alheri a ciki. Yarinyar da a da sai ta nemi mai ɗab'i a Kano ko Zariya, ta tara kuɗin da ba ta da shi, yau tana zaune a Rikkos ko Gangare za ta rubuta feji ta saki a manhajar Wattpad ko a zauren WhatsApp, kafin gari ya waye masu karatu daga Maraɗi da Kumasi da Jidda sun yi mata sharhi. Tsarin da suka ƙirƙiro wa kansu ma abin a yaba ne: a saki fejin farko-farko kyauta, wadda labarin ya kama ta tura kuɗi ta banki ko katin waya, ta aika shaidar biya, a sa ta a zauren waɗanda suka biya. Mata da yawa da wannan suke rufa wa kansu asiri.

Amma akwai ɓaraka. Wata ɗalibata ta taɓa nuna mini littafin da take karantawa a wayar mahaifiyarta. A saman kowane feji marubuciyar ta rubuta roƙo, da Allah da Annabi, kada a fitar mata da littafi domin na kuɗi ne, a ƙasa kuma ta yi Allah ya isa ga duk wanda ya fitar. Na tambayi yarinyar nawa suka biya, ta ce ai turo musu aka yi. Ba ta ma ɗauka wani abu ba ne. Baiwar Allah ta kwana tana danna waya da yatsa har idonta ya yi ja, mutum ɗaya ya biya, sauran suka karanta a ɓagas. Wannan cin haƙƙi ne, kuma ya kamata malamai su faɗa a kan mumbari kamar yadda suke faɗar tauye mudu.

Sai kuma maganar tacewa. Tun daga gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933 da Baturen nan Rupert East ya shirya, zuwa kamfanin Gaskiya da hukumar adabi ta NORLA da kamfanin ɗab'i na NNPC a Zariya, littafin Hausa yana bi ta hannun edita kafin ya fito. Na waya daga yatsan marubuciya sai idon mai karatu. Babu ƙugiya a kan baƙaƙe, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, rabin jimla Turanci ne. Ina ganin sakamakon a takardun jarrabawar ɗalibaina, domin abin da ido ya saba gani shi hannu yake rubutawa. Ban ɗora wa marubutan laifi ba, yawancinsu ba wanda ya taɓa zaunar da su ya nuna musu ƙa'idar rubutu, kuma masu iliminta sun tsaya daga nesa suna taɓe baki.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɓacewa. Manhajar OkadaBooks, wadda marubutan Najeriya da dama har da na Hausa suka zuba littattafansu a ciki, ta rufe a ƙarshen watan Nuwamban 2023. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, zaure yana watsewa. Dokar Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya kai kwafi uku na duk abin da ya buga don adanawa, shi ya sa ɗalibin jami'a yake iya neman tsohon littafi ya samu. Wa yake adana abin da matan nan suke rubutawa yau? Nan da shekara 30, mai son sanin yadda matar Bahaushe ta yi tunani a kan aure da kishi da talauci da gudun hijira a wannan zamani, ina zai duba? Ginin hedikwatar ɗakin karatun da aka fara a Abuja tun 2006 ya ɗauki shekaru bai kammalu ba, amma tattara rubutun waya ba ya jiran gini, niyya yake jira.

Yanzu bari in zo kan sauraro, domin shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai masu cewa wanda ya saurari littafi bai karanta ba. Ban yarda ba. Mu al'umma ce da ilimi ya daɗe yana shigar mu ta kunne. A zaure malami yake jan baƙi yana fassarawa, ɗalibai suna ji. Da azumi mai jan baƙi ya ja, mai tafsiri ya fassara, dubban mutane su tashi da ilimi. Iyayenmu da rediyo a kunne suka san duniya, Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana da su. Magana Jari Ce ta Abubakar Imam ma, da muke alfahari da ita, a kan aku mai ba da labari da baki aka gina ta. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 don mata marubuta ta nuna haka a fili: labaran da suka yi fice ana karanta su a rediyo, su isa ƙauyen da jarida ba ta zuwa.

A unguwarmu akwai shagon ɗinki na mata da nake kai kaya. In ka shiga za ka tarar da ƙaramar sifika a kan taga, an sa mata mimori, murya tana karanta labari, kekuna suna ta aiki. In aka zo wurin da uwar miji ta yi wani abu, sai ka ji keke ɗaya ya tsaya, an fara musu, wannan ta ce ta kyauta, waccan ta ce wallahi zalunci ne. Biyu daga cikinsu ba su iya karatun boko ba, amma za su warware maka halin kowane mutum a labarin, su gaya maka inda marubuciyar ta yi sakaci. Abin da nake fama in koya wa 'yan aji shida ke nan da sunan nazarin adabi. Direban da yake hanyar Jos zuwa Abuja ta Akwanga, da mai suyar ƙosai, da mai gadin dare, duk hannunsu da idonsu suna kan aiki, kunnensu ne kaɗai yake da sarari. Tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025, da yawa sun gwammace su kai mimori wurin masu turi a loda musu, ya fi musu sauƙi a kan sauke wa kansu daga YouTube.

Ga kuma waɗanda ba su da wani zaɓi. Jihar Filato ce take da makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka kafa tun 1953. Littafin Hausa da aka mayar rubutun makafi kaɗan ne ƙwarai, kuma yana da tsada da nauyi. Ƙanin mahaifina da ciwon suga ya taɓa masa ido, mutum ne da a da ba ya kwana bai buɗe littafi ba. Yanzu in ba jikokinsa sun zauna sun karanta masa ba, sai abin da aka loda masa a waya. Kullum tambayarsa ita ce ko akwai na tarihi, ko akwai tarihin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ko na Sardauna, ko na yadda haƙar kuza ta tara mutane a Jos. Abin da nake samo masa wa'azi ne da labaran soyayya, domin kusan su kaɗai ake naɗa. Tsoho mai shekara sama da 70 yana neman ilimi da harshensa, mun kasa ba shi. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta buɗe ƙofar mayar da littafi zuwa sigar da makafi za su amfana da ita. Gidajen rediyon jihohi suna da ɗakunan naɗar murya, su da sassan Hausa na jami'o'inmu kuma suna da masu lafazi mai kyau. Me ya hana?

Sauraron ma yana da nasa ciwon. Da yawa daga masu karanta littafi a YouTube ba sa neman izinin marubuci, wasu ko sunansa ba sa ambata, su kwashi kuɗin talla shi ya tashi a tutar babu. Wasu suna karatu da gaggawa kamar ana korarsu, ba tsayawa inda aya take. Kwanan nan kuma an fara sa muryar na'ura, wadda ba ta san karin sautin Hausa ba, ba ta san inda ake ja da inda ake gajartawa ba, sai ma'ana ta karkace. Karatu a bayyane sana'a ce, a biya mai yin ta, a kuma biya mai littafin.

Don haka ina roƙon Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya da sauran ƙungiyoyin marubutan Hausa su jawo marubutan waya jiki, su shirya musu bita a kan ƙa'idar rubutu, su kuma fito da takardar yarjejeniya mai sauƙi da Hausa tsakanin marubuci da mai naɗar murya. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta yi wa mutane bayani da harshen da suke ji.

Ku kuma, ranka ya daɗe, roƙona gare ku ƙarami ne. Ku ware fili a jaridarku kowane mako a yi sharhin littafin Hausa guda ɗaya, ko bugagge ne, ko na waya, ko na sauraro, a auna shi da ma'auni ɗaya, a yaba inda ya yi kyau, a gyara inda ya kauce. A faɗi sunan marubucin da na wanda ya karanta, a kuma nuna halastacciyar hanyar da za a biya a samu. In kun buɗe filin, ni da ɗalibaina za mu riƙa aiko muku da namu sharhin.

Na gode. Wassalam.

Taku mai karatu,
Malamar Hausa,
Unguwar Rogo, Jos.