Zuwa ga Babangida, a Bronx

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali.

Kada ka yi wa matarka faɗa, ni ce na matsa mata. Ta ce tun kafin azumi kake ganin jini a bayan gida, har ka turo wa kawunka kuɗi ya haɗo maka maganin basir. Na hana shi, kuma ko nawa ka sake turowa ba zai haɗa ba.

Babangida, kai ka tallafo kan Malam, mahaifinka, a bayan mota ranar da cikinsa ya toshe. Shi ma basir aka ce. Jiƙo ya yi ta sha yana ramewa, har wandonsa sai an naɗe ƙugu. Da aka buɗe shi, likita ya ce sankarar hanji ce, ta riga ta kai hanta. Yana da shekara 54. Mu lokacin ba wanda ya taɓa gaya mana ana gwajinta, iyakar abin da muka sani muka yi. Kai mene ne uzurinka?

Ƙanwarka ta asibiti ta yi mini bayani. A Amurka, tun 2021 an mayar da shekarar fara gwajin 45, wanda mahaifinsa ya yi ciwon kuwa tun yana 40 ake so a duba shi. Kai ka wuce 43. Baƙar fata a can sun fi farare kamuwa da ita, sun kuma fi su mutuwa, yawanci don an gano a makare. Wajen gwajin, sa mutum barci ake yi, a leƙa babban hanji da 'yar kyamara, in an ga tsiro a cire shi nan take kafin ya rikiɗe. Wanda ya riga ya ga jini ba ya jira.

Na san abin da za ka ce: ranar da ba ka fita da tasi ba, babu kuɗin haya, ga rashin inshora. Ƙanwarka ta ce akwai shirin NYC Care, na kula da lafiyar marasa inshora a birnin New York, ba ruwansu da takardun zamanka, kuma za ka iya neman tafinta. In kunya ce, ka nemi likita namiji. Kuɗin da kake aiko mini duk wata, na yafe na wata uku, ka rufe giɓin da shi.

Ba na iya barci, ɗan nan. Ka kira ni ranar Juma'a ka faɗa mini ranar da suka ba ka. Ka shafa mini kan takwarata. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka