Wasiƙa Zuwa ga Ɗana Kan Digirin Intanet

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, mahaifiyarka ta shaida mini cewa kana neman kuɗi domin ka yi rajista da wata jami'ar intanet da ta yi maka alkawarin digiri cikin wata shida, babu zancen JAMB, babu kuma jarrabawar da wani zai sa maka ido a kanta. Ban amince ba, kuma ina so ka ji dalilina.

A Najeriya, Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, ita ce ke amincewa da jami'a da kwasa-kwasan da take koyarwa, kuma lokaci zuwa lokaci takan fitar da sunayen jami'o'in bogi. Takardar da aka samo daga waje kuwa sai Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta tantance ta kafin mai ita ya je bautar ƙasa. Ka tuna abin da ya faru a ƙarshen shekarar 2023, lokacin da ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samo digiri daga wata makaranta a Kwatano da ke Jamhuriyar Benin cikin mako shida ba tare da ya taɓa zama a aji ba, har aka ɗauke shi bautar ƙasa da takardar. A watan Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya bayyana cewa sama da mutum 22,000 ne ke yawo da takardun jabu daga ƙasashen nan biyu. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, yaran da suka zauna can suka yi karatun gaskiya su ma zargin ya shafe su.

Ni ba karatu ta intanet nake ƙi ba, domin na san aikinka ba zai bar ka ka koma makaranta ka zauna ba. Jami'ar karatu daga gida, wato NOUN, ta gwamnatin tarayya ce, kuma Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da cibiyar karatu daga nesa, dukansu da amincewar NUC. Za ka yi shekaru, za ka sha wahalar jarrabawa, amma duk ranar da aka zo tantance ma'aikata ba za ka yi fargaba ba.

Kada ka tura wa masu waccan jami'ar intanet ko sisi, kada kuma ka ba su kwafin sakamakonka na WAEC. Ka binciki sharuɗɗan shiga waɗannan jami'o'i biyu ka sanar da ni, kuɗin zangon farko yana wuyana in Allah ya yarda.

Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka