A Daina Wanke Fuska da Haɗin Sabulun Kwanuka

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana mata masu haɗa sabulun ruwa da kayan gyaran jiki a gida, da kuma masu koyar da su a tarukan koyon sana'a.

Sana'ar ta rufa wa gidaje da yawa asiri, kuma ina fatan ta ɗore. Abin da ke damuna shi ne yadda ake ɗaukar haɗin da aka koya domin wanke kwanuka, wato salfonik da kostik soda da soda ash da Texapon, a ƙara masa turare da kala da garin kurkum, a ɗura a roba mai kyau, a sayar da sunan sabulun fuska ko na wankan amarya.

Sinadaran da ke kawo kumfa suna da gefe mai kama maiƙo da gefe mai bin ruwa, shi ya sa suke ɗebe datti. Sai dai ba sa bambanta maiƙon tukunya da maiƙon da Allah Ya yi wa fata domin riƙe danshi. SLS, ɗaya daga cikin sinadaran kumfa, wanda ake sayarwa kamar ƙwayar shinkafa, da shi masu binciken fata ke tsokano kumburi da gangan idan suna gwaji. Texapon N70 ya fi shi sauƙi, amma kashi 70 cikin 100 nasa zallar sinadari ne, don haka sai an sirka shi sosai, an kuma tausasa shi da sinadaran kumfa masu sauƙi ga fata irin su betain. Yawan kumfa da masu saye ke nema ba shaidar inganci ba ne.

Ma'aunin pH (mai nuna ƙarfin asid ko alkali) na lafiyayyar fata yana kusa da 5. Idan kostik ya yi yawa a haɗi, ma'aunin kan haura 11. Idan ya yi kaɗan, ragowar salfonik, wanda asid ne, shi zai ci fata. Duk da haka da murfin roba da gwangwanin madara ake awo, ba da sikeli ba. Na ga hannun wata mai wannan sana'a a lokacin hunturu: gaɓoɓin yatsunta sun tsage, bayan hannun ya yi fari yana ɓarewa, tana ta ɗora laifin a kan sanyi.

Mafi tayar da hankali shi ne fomalin da wasu ke ɗigawa don kada sabulu ya lalace. Tun a 2004 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin masu jawo cutar kansa ga ɗan Adam, kuma yana haddasa ƙaiƙayi da ƙuraje.

Ina kira ga masu koyarwa su raba darasin sabulun wanke-wanke da na jiki, su koyar da awo da sikeli da takardar gwajin pH, da sa safar hannu, da zuba kostik cikin ruwa maimakon zuba ruwa a kansa. Ita kuma hukumar NAFDAC ta matsa wa dillalan sinadarai su riƙa liƙa suna da ƙarfin kowane sinadari a jikin ledar da suke ƙullawa, ta kuma sauƙaƙa wa ƙananan masu sana'a hanyar yin rajista.

Wassalam.

Wata malamar kimiyya,
Zariya.