Kangon nan ya samu rufi

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Rabonmu da gaisawa tun bikin ƙanwarka, na kuma san idan na biye maka sai babbar salla.

Albishirinka! Ginin nan da kuke kira kango ya samu rufi. An buga kwano, an gama wayarin, birkila yana ta mita a bar shi ya fara filasta, ni kuwa na kafe ba mai watsa siminti a bango sai mai esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ya binne bututunsa. Esin mai gida biyu nake so, kan yana ciki, kwamfuresa yana waje. Ka tuna gidan Kawu? Sai da aka gama fenti tas aka zo da giranda aka tsaga bango, har yau tabon yana nan.

Na san dariya kake yi. Ku mutanen Jos da kuke kwana da bargo me kuka sani? Zo Kano a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, mu ga ƙarshen cika baki.

Abin da ya hana ni barci shi ne dole in yanke girman esin tun yanzu, alhali ko kuɗinsa ban haɗa ba. Kaurin bututun jan ƙarfen ya danganta da ƙarfin injin, wanda ya yi wa mai doki 1 ba lallai ya yi wa mai doki 2 ba, kuma in an shafe bango magana ta ƙare. Na tsaya kan doki 1 a ɗakunan kwana, 2 a falo. Kowanne da wayarsa da birekarsa daban. Bututun da ke fitar da ruwan esin kuwa sai an ba shi gangara, in ba haka ba ruwa ya dawo ya riƙa ɗiga a kan kujeru. Na sa an toshe bakin kowane bututu kada ƙura ko siminti su shiga, sannan na gargaɗi masu silin su bar tazara a sama don kan ya samu iska.

Uwargida ta so a kafa kwamfuresa a bangon yamma, wai kada ya ɓata fuskar gida. Can ne rana take duka har magariba, sai na lallaɓa ta muka koma arewa. Mai walda zai yi masa keji, ka san halin 'yan jari-bola da jan ƙarfe. Maigadi ma na ƙara masa kuɗin shayi.

Sai wuta. Tunda aka mayar da layin Band A, na waɗanda aka fi ba wuta, naira 225 kowane yunit a 2024 nake lissafi, shi ya sa nake hangen esi mai inbata, wanda ke rage shan wuta, ko nan gaba in jona shi da sola.

Af, ka ji mutuminka na majalisa zai ƙara aure? Shi da ya rantse mana da ɗaya zai mutu! An sa rana bayan salla, kuma ya ce kai ne babban aboki, don haka ka fara tanadin shadda. Akwai abin da na so tambayarka kan ɗan wanka mai harkar sola, ya shige mini, sai mun yi waya.

Ka gaida Hajiya da yara, ka ce wa ƙaramin ina sane da alkawarin kekensa.

Naka har kullum,
Abokinka na Kano