Wasiƙa zuwa Ingila, kan birkin motarka

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyi, ya iyali? Wata huɗu shiru, ashe kana gareji kana fama da kwalaye. Na ga hotunan, Seven ɗin, motar da kake haɗawa da hannunka, ta fara kama da mota. Amma maganar birkin nan ta hana ni sukuni, don Allah kada ka fitar da motar ko bakin ƙofa.

Ka ce ka cire iska har sau uku, feda tana nan laushi kamar burodi. Duba hoton tayar gaba da ka turo: ɗan notin fitar da iska yana ƙasan kaliba, wato ƙarfen da ke matse faifan birki. Ka musanya kalibobin biyu ne, ta dama ta koma hagu. Iska sama take taruwa, in notin yana ƙasa ko galan ka zuba ba za ta fita ba. Kwance su ka mayar da kowacce gefenta, notin ya kalli sama. Sannan ka fara da tayar da ta fi nisa da masta (famfon da ke tura man birki), wato ta baya ta hagu tunda sitiyarinku a dama yake, sai ta baya ta dama, sai na gaba, sai dai in littafin kamfanin ya ba da wani tsari. Mutum biyu ake yi: ɗaya ya taka ya riƙe, kai ka buɗe, ka ɗaure kafin ya saki ƙafa. Kada kofin man birki ya ƙafe. Mai nau'in DOT 4 za ka zuba, kada ka haɗa shi da DOT 5, na silikon ne, ba sa gauraya. In ya ɗiga a fenti ka wanke da ruwa nan take.

Uwargida za ta iya taka maka, in har ta yafe maka kwalayen da ka cika mata falo da su.

Sitata da take ƙyas-ƙyas kuwa, kada ka zargi batir tukuna. Fentin shasi ne ya tare wuta. Goge wurin da wayar nagetif take zama da samfefa har ƙarfe ya fito, ka ɗaure, ka shafa giris a kai. Fitilun da ke jikin faiba kowacce sai da wayarta zuwa shasi.

Af, an sa ranar ƙanwarka ta wajen Inna, bayan babbar Sallah. Baba ya ce a gaya maka bai karɓi uzurin bara ba, balle na bana.

Saura notocin da ke riƙe bushin na roba a ƙafafun motar. Bar su sako-sako sai ta sauka daga kan jak ta zauna da nauyinta, sannan ka ɗaure da sifana mai auna ƙarfi. In ka ɗaure tana rataye, robar za ta murɗe ta yage da wuri. Kafin gwajin IVA kuma, wato binciken da hukuma ke yi wa motar kafin a yi mata rajista, ka bi gefuna masu kaifi ka rufe, lanƙwasar milimita 2.5 suke nema.

Turo mini hoton kalibar bayan ka juya su.

Naka har kullum.