Ba kwaikwayo kawai biri ya iya ba

Assalamu alaikum Edita,

Ina sauraron shirinku na kimiyya kusan kowane mako, amma na makon jiya akwai maganar da ta tsaya min a rai. Baƙon da kuka gayyato ya ce wai biri ba ya gane komai, kwaikwayo kawai yake yi sai kuma kwaɗayin ayaba. Gaskiya ban yarda ba, kuma ni malamin firamare ne, aji uku nake koyarwa, shi ya sa abin ya dame ni har na kasa yin shiru.

A Amurka akwai wasu masana biyu, Anthony Wright na Houston da Jeffrey Katz, da suka yi aiki da birai irin su rhesus wajen 2002. Abin da suke son sani shi ne ko biri zai gane ma'anar "iri ɗaya" da "daban". Sai a nuna masa hoto biyu a allon kwamfuta, ɗaya sama ɗaya ƙasa, da wani farin akwati a gefe, in hotunan iri ɗaya ne ya taɓa na ƙasan, in daban ne ya taɓa farin akwatin, in ya dace a ba shi ɗan abin tsotsa ko na ci. Da farko hoto 8 kacal ake juya masa kuma ya iya sosai, to amma da aka kawo sababbin hotunan da bai taɓa gani ba sai ya koma canki-canka, ashe hadda ya yi. Sai suka dinga ninka hotunan, 16, 32, 64, har 128, daga nan fa ko wane sabon hoto ka kawo masa zai amsa kamar ya daɗe da saninsa. To Edita, don Allah wa ya kwaikwaya a nan? Babu wanda ya nuna masa amsar wannan hoton. Tattabara ma ta kai wurin, sai dai ita sai da aka ba ta hotuna fiye da na birin.

Haka a 1998 Elizabeth Brannon da Herbert Terrace a jami'ar Columbia sun koya wa birai biyu jera hotuna bisa adadin abubuwan da ke cikinsu daga 1 zuwa 4, da aka nuna musu 5 zuwa 9 da ba a koya musu ba suka riƙa taɓa ƙaramin kafin babban.

Ni dai tunda na san labarin hoto takwas ɗin nan nake ganinsa a ajina. Yaro zai rera maka biyu sau uku shida har da kaɗa kai, ka ce masa kwano biyu kowanne da ƙosai uku nawa kenan, sai ya tsaya yana kallonka. Ba daƙiƙi ba ne wallahi, misali ɗaya muka ba shi muka yi ta maimaitawa har zangon ya ƙare. Ba hadda nake kushewa ba, da ita muka tashi a makarantar allo kuma tana da gurbinta, amma lissafi ba ya shiga ta nan kaɗai. Yanzu murafen kwalba nake sa su kawo, da tsakuwa, da ƙwallon dabino, da karan dawa, yau mu ƙirga wannan gobe wancan, ajin ya cika da hayaniya kuma yaran sun haura saba'in ga zafi, amma na fara ganin waɗanda a da ba sa ɗaga hannu suna ɗagawa.

Roƙona ku dawo da maganar nan a wani shirin, ku nemo malamin da ya karanci halayyar dabbobi a ɗaya daga jami'o'inmu ya yi bayani da Hausa, in da hali ku sa shi ranar Asabar da safe don mu malaman makaranta mu samu mu ji.

Naku,
Malamin firamare daga Bauchi